WANE NE JARUMIN DA YA ISA A GIRMAMA?

Ya mai karatu, tun muna yara aka koya mana mu girmama mazan jiya. Wannan daidai ne. Amma ka taɓa tambayar kanka wane ne jarumi? Duk wanda ba ya jin tsoro shi ne? Ko kuwa sai wanda ya ci nasara? Bari mu duba tarihin ƙasarmu, gama amsar tana nan kusa.

Mutum uku a shekara ɗaya

A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ta iso Birnin Ƙonni, ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine. Suka fasa garin, suka karkashe mutane masu ɗumbun yawa, har mata da yara. Voulet ba matsoraci ba ne. Ya ratsa ƙasashe masu nisa, ya sha shiga bakin mutuwa. Duk da haka ba mai hankalin da zai ce a girmama shi.

Ga kuma mutumin Ƙonni wanda ya tsaya a bakin ganuwa da baka da mashi, yana fuskantar bindiga. An ci shi da yaƙi. Sunansa ma bai shiga takarda ba. Amma a bayansa akwai uwa tasa da 'ya'yansa, saboda su kuwa ya tsaya.

Na uku shi ne Kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya tsai da ɓarnar. Ran 14 ga Yuli 1899 ya cim ma Voulet a ƙasar Tasawa. Ya hana mutanensa su mai da wuta, aka harbe shi ya mutu. Bayan kwana kaɗan sojojin Voulet da Chanoine suka juya musu, suka kashe su duka biyu.

Ka gani ke nan, rashin tsoro kaɗai bai isa ba, gama ɗan fashi ma yana da shi. Nasara kuma ba ita ce ma'auni ba. Abin da za a tambaya shi ne: da mutumin nan ya sa ransa a hatsari, wa yake tsarewa?

Tambaya mai wuya

Bayan wannan, Faransa ta ɗebi samarin ƙasashenmu zuwa yaƙin 1914 da na 1939, daga baya har Indocin da Aljeriya. Da yawa ba da son ransu suka tafi ba, an ɗora wa sarakuna su kawo mutane. Wani zai ce, "Ƙaƙa zan girmama wanda ya sa kakin rundunar da ta ƙone garinmu?"

Kada mu yi garajen yanke hukunci. Alhakin yaƙi ya fi nauyi a wuyan wanda ya ƙulla shi. Ɗan talakan da aka raba da gonarsa, ya sha sanyin Turai, ya ɗauko abokinsa mai rauni a kafaɗa, wannan ya yi aikin amana. Girmama shi ba cewa ne dukan abin da rundunarsa ta yi daidai ne ba.

Tuna kuma yadda aka sāka musu. Ran 1 ga Disamba 1944, a sansanin Tiyaroye kusa da Dakar, aka buɗe wuta a kan sojojin Afirka ta Yamma domin sun nemi kuɗinsu. A 1959 Faransa ta yi doka ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mallaka. Ba a daidaita shi sosai da na Faransawa ba sai 2011, bayan yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Idan mu ma muka raina su, ashe an cuce su sau biyu.

Masu tsaro marasa bindiga

Akwai kuma jaruman da ba su taɓa riƙe makami ba. Tun 1950 da aka buɗe asibitin Galmi, ma'aikata nawa ne suka kwana a tsaye a kan mai ciwon sanƙarau, suna sane cutar tana iya kama su? Ungozomar ƙauye a Illela, da malamin makaranta a Malbaza, da maƙerin da ya haƙura da yaron wani har ya iya sana'a, dukansu sun ba da ƙarfinsu domin wani ya rayu.

Yaya za mu girmama su?

Na fari, tun suna da rai. Kirari a bakin kabari ba ya ƙosar da tsohon da ya kwana da yunwa. Kai masa damin gero, ka gyara masa danga.

Na biyu, ka zauna ka ji. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Tsohon soja na kirki ba ya yabon yaƙi, gama ya san kuɗinsa.

Na uku, ka ɗauki halin. Wanda ya yabi mai amana, sa'an nan ya je ya ci amana a kasuwa, ya zagi wanda ya yaba.

To, aboki, akwai wanda ya tsaya dominka lokacin da ba ka da ƙarfi. In yana raye, je ka gaishe shi yau. Sa'an nan ka waiwaya ka ga wanda yake bayanka, yana bukatar ka tsaya masa.