Tamoji, Allura da Kuɗin Adashi



Tambayar wannan makon daga ɓangaren mata ta fito, a 'yar takarda ba suna, aka miƙo wa kwamiti bayan karatun Asabar. Mai tambayar ta ce shekarunta 46, ta kwashi adashi, kuma wata ƙawarta ta nuna mata wani wuri a Wuse 2 inda ake ɗage fuska a tamke ta ba tare da an sa wuƙa ba. Shin ya halatta? Can ƙasa kuma, da ƙaramin rubutu, ta ƙara layi guda: maigida ya fara maganar ƙarin aure.

Mu dai ba masu fatawa ba ne. 'Yan kasuwa ne da neman abinci ya kawo mu Abuja daga Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi. Amma mun kai wa malamai tambayar, mun kuma zauna da likitocin da muke sahu ɗaya da su, don bai kamata a yanke wa abu hukunci ba a san ko mene ne ba.

Fatar ɗan Adam tana tsaye ne a kan wasu zarurruka da likitoci ke kira kolajin da ilastin. Tun mutum bai kai talatin ba jiki ke fara rage ƙera su, kaɗan-kaɗan kowace shekara. Kitsen kumatu ya zame ƙasa, fata ta saki, tamoji ya fito a goshi da gefen ido. Rana tana gaggauta abin, haka ma taba sigari. Baƙar fata irin tamu takan jima ba ta yi tamoji ba idan aka kwatanta da ta Turawa, kyauta ce Allah Ya yi mana, sai dai mu kan ɓarar da ita da hannunmu. Man bilicin, musamman haɗin da ake zuba wa maganin sitiroyid a sayar a roba ba rubutu, yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, ta tsufa kafin lokacinta. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Kun ga ke nan wata fuskar da ake kai wa Maitama a tamke, a kasuwanninmu aka fara sayar mata da abin da ya sassauta ta. Wasunmu ma su ne masu shagon. Wannan dai a ajiye shi a rai.

Abin da ake yi a waɗannan wurare iri-iri ne. Wanda ya fi suna shi ne allurar Botox. Asalinta dafi ne da wata ƙwayar cuta ke fitarwa, a tace shi a ɗauki ɗan mitsitsi a tsira wa naman goshi, naman ya daina motsi, layin ya kwanta. Wata uku zuwa huɗu ya sake, sai a koma. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1989 a matsayin maganin harararren ido da ƙiftawar da ba ta tsayawa, sai a 2002 aka yarda a yi ta don layin tsakanin gira. Wato magani ce kafin ta zama kwalliya. Akwai allurar ciko, wadda ake ɗura wani abu mai kauri kamar kunu a ƙarƙashin fata don cike kumatun da suka faɗa, ita kan kai wata shida zuwa shekara guda da rabi. Akwai zaren da ake sakawa ƙarƙashin fata a ja ta sama, daga baya ya narke. Sai injunan da ke aika zafi can cikin fata, ta hanyar sauti ko igiyar rediyo, don jiki ya ɗauka an ji masa rauni ya ƙera sabon kolajin. Duk cikinsu babu mai dawwama, kuma babu mai tsayar da shekara. Lissafin ɗan kasuwa a nan mai sauƙi ne: wannan ba saye ba ne, haya ce. Ranar da aka daina biya, mai gida ya karɓi ɗakinsa.

"Ba yanka" kuma ba ya nufin ba haɗari. Idan allurar ciko ta faɗa cikin jijiyar jini ta toshe ta, naman wurin yana iya mutuwa, kuma ko da yake ba kasafai ba ne, an samu waɗanda suka makance. Garin neman gira a rasa ido ke nan, ba a karin magana ba, a zahiri. A 2024 hukumomin lafiya na Amurka sun ba da sanarwar mata da aka kwantar a asibiti a jihohi da dama saboda jabun Botox, ko allurar da waɗanda ba su da lasisi suka yi musu. In a can jabu ya shiga, to ina ga nan, inda mai gyaran gashi za ta yi kwas na 'yan kwanaki ta buɗe shafi a Instagram ta fara riƙe sirinji?

To yanzu ga maganar halacci. Addininmu bai hana ado ba, kuma al'adarmu ba baƙuwar gyaran jiki ba ce. Iyayenmu sun yi lalle da kwalli da man kaɗanya, 'yan'uwanmu na Barno suka kawo mana dilka da halawa da turaren wuta, ba wanda ya ce uffan. Addini bai kuma hana gyara abin da ya lalace ba. Sahabi Arfajah ɗan As'ad an yanke masa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya ba shi izinin sa na zinariya. Saboda haka wanda ɓarin fuskarsa ya shanye, ko wuta ta ƙona, ko fatar idonsa ta rufto har tana kare masa gani, ba shi ake magana ba. Ya je ya yi magani.

Inda gizo ke saƙar shi ne, shin tsufa lalacewa ne da za a gyara, ko kuwa halitta ce da ake tafiya a kanta? Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Putrajaya ta ƙasar Malesiya a 2007 kan aikin gyaran jiki, kuma matsayarta ita ce ba a cire tamoji da tiyata ko allura sai in cuta ce ta jawo shi, kuma da sharaɗin ba za a cutu ba. Wasu malaman zamani sun sassauta, suka ce abin da ke gushewa bayan 'yan watanni ya fi kama da lalle da kwalli, ba canza halitta ba ne, muddin babu cutarwa, babu yaudara, babu almubazzaranci. Saɓanin na gaske ne, kuma ba mu ne za mu rufe shi a shafi biyu ba. Amma ku duba sharuɗɗan masu sassaucin kansu. Mu a ganinmu, a nan Abuja da halin da yawancinmu ke ciki, da wuya a cika guda ukun nan gaba ɗaya.

Ɗauki yaudara, tunda ita ce muka fi sani a sana'armu. Kowane ɗan kasuwa ya san bambancin goge kaya da ɓoye aibinsu. Mai takalma a Kasuwar Wuse yana share ƙura kowace safiya, ba wanda zai kira shi mugu. Amma wanda ya mayar da mitar mota baya kafin ya kai ta kasuwa ya san abin da ya yi. An hana a ɗaure hantsar akuya ko raƙuma kwana biyu don mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Wani abin dariya ma, a bikin raƙuma na Sarki Abdul'aziz a Saudiyya, a 2018 an kori raƙuma 12 daga gasar kyau saboda an yi musu Botox a leɓe da hanci, a 2021 kuma fiye da 40. Alƙalan raƙuma ma sun gane cewa wannan maguɗi ne. Matar da mijinta ya san shekarunta, shi ya kai ta asibiti a haihuwar fari, ba shi take yaudara ba. Amma bazawarar da za ta yi don manemi ya rage mata goma a lissafi, wannan wani abu ne daban. Kuma kafin maza su gyara zama, Alhajin da ke shafe gemu da baƙin rini ranar da zai je zance wurin 'yar shekara ashirin, shi ma mitar ya mayar baya. Lokacin da aka kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, ranar buɗe Makka kansa fari fat, an ce a canza furfurar amma a nisanci baƙi. Da yawa cikin masu ɗaga murya kan allurar mata ba sa tuna wannan ruwayar.

Wannan ya dawo da mu kan ƙaramin layin da ke ƙasan takardar, wanda a ganinmu shi ne ainihin tambayar. Matar nan ba madubi ne ya tura ta Wuse 2 ba, tsoro ne. Ta bar garinsu ta biyo miji, ta zauna a ɗaki ɗaya a Mararaba ko Dei-Dei lokacin da jarin bai fi tebur ba, ta goyi 'ya'ya ba uwa ba yaya kusa da za ta karɓa mata. A gida, mace mai shekarunta ta fara zama uwar ɗaki, ita ake kira in an yi haihuwa, ita ke raba gardama a biki, yara su durƙusa su gaishe ta. Tsufa a can yana zuwa da albashinsa. A nan kuwa ba dangi, ba tsakar gida, sai waya a hannu cike da fuskokin da manhaja ta goge. An karɓe mata girman da shekaru ke bayarwa, aka bar ta da tamojin kawai. Ƙarin aure halal ne, ba wanda ya isa ya haramta shi. Amma yadda wasunmu ke kawo zancen, da habaici kan cewa uwargida ta kwana biyu, da nuna mata hoton wata a waya wai wasa ne, shi ke cika wa masu allura layi. In har za a tuhumi mai tsira allurar da wadda aka tsira wa, to a ajiye wa wanda ya sa ta ji kunyar fuskarta kujera a wurin shari'ar.

Ga kuɗin kuma. Zama ɗaya a irin waɗannan wurare kan ci dubu ɗaruruwa, kuma mun faɗa, haya ce. Adashi na zuwa sau ɗaya a zagaye, allura kuwa tana neman a dawo sau uku a shekara. Na biyu daga ina zai fito? Mun san inda yakan fito: a taɓa jari, a jingina ɗan kunne, a rage abin da ake aika wa tsohuwa a gida. Wadda Allah Ya hore wa, ba ta tauye haƙƙin kowa ba, hukuncinta daban. Amma jaridar nan ba a Asokoro aka fi karanta ta ba.

Ga abin da muka ba malamar mata ta isar wa mai tambaya, tunda ba mu san ko wace ce ba. Mu ba mu ba ta shawarar ta yi ba. In kuma ta bi masu sassauci ta ce sai ta yi, to kada ta yarda kowa ya kusanci fuskarta da allura sai likitan da ke da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ta ga kwalbar da idonta a rufe kafin a buɗe, ta duba lambar NAFDAC, ta tambayi me za a yi in abu ya ɓaci, kuma ta guji farashin da ya yi daɗi da yawa, don araha ba ta ado. Mai juna biyu da mai shayarwa su haƙura gaba ɗaya. Idan akwai man haɗi a kan madubinta, ta fara da zuwa wurin likitan fata a taimaka mata ta rabu da shi a hankali, domin daina mai sitiroyid farat ɗaya ma yana tayar da fuska. Ta samu man kare rana, ta riƙa laɓewa a inuwa, wannan ba malamin da ya yi saɓani a kansa.

Layin ƙasa kuwa, liman ya ce zai ɗauke shi a karatun maza na Lahadi bayan Magariba, kuma ya roƙi masu shago su rufe da wuri su zo.

Wassalamu alaikum.