Sauƙin Kai Ko Raƙumi Da Akala?

'Yan'uwana mata, 'yan boko a nan Kankiya suna da wata kalmar Turanci da suke yabon mace da ita, wai mai buɗaɗɗen tunani. Ni kuwa nakan ce ƙofar da ke buɗe dare da rana ai har akuya shiga take.

Hausa ta fi tsefe maganar. Akwai mai sauƙin kai, akwai mai kunnen ƙashi, akwai kuma raƙumi da akala, duk wanda ya ja sai ta bi.

Ɗauki amaryar da aka kawo daga Kusada, ga haihuwar fari. A asibiti an ce nono zalla har wata 6, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2001. Uwar miji ta ce, "Haba 'yar nan, a zafin nan a hana jariri ruwa?" In ta ce to nan, ta ce to can, jinjirin ne zai sha wuya, don ruwan randa kan kawo gudawa.

Mai sauƙin kai a wurina ita ce za ta tambayi malamar asibiti dalili, ta ji cewa mafi yawan nono ruwa ne, sannan ta durƙusa ta roƙi Inna su koma tare, ita ma ta ji da kunnenta.