Tawakkali A Wajen Jinyar Mai Ciwon Daji

A cikin cututtukan da ke kama ɗan Adam babu wanda sunansa ke kaɗa hantar mutane kamar ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara. Da likita ya ambace shi sai ka ga dangi sun rabu biyu. Waɗansu su ce a tsaya asibiti ko da za a sayar da gona. Waɗansu kuwa su ce a mai da mutum gida a bar wa Allah, gama in kwana ya ƙare babu likitan da ke ƙara shi. To, wace ƙungiya ce ta fi kusa da tawakkali? Ya kamata mu mutanen Lafani da sauran garuruwan ƙasar Illela mu auna wannan magana tun muna lafiya, domin ranar da abin ya shigo gida ba a samun sukunin tunani.

Da fari sai mu san abin da muke jinya. An gina jikin mutum da waɗansu ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, suna haihuwa suna mutuwa bisa ƙa'ida. Idan waɗansunsu suka ƙi bin ƙa'idar, suka yi ta yaɗuwa har suka tara ƙari, shi ne ciwon daji, in an daɗe kuwa sai ya bi jini ya sauka wani wuri. Ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa don an ci tuwo a kwano ɗaya. Likitocin Sakkwato sun ga yana yawan kama mafitsarar maza, sun danganta wannan da tsargiya, watau fitsarin jinin nan da yara ke samu wajen wanka a tafki. Mata kuwa ya fi kama su a nono da bakin mahaifa.

Masu cewa neman magani raunin imani ne, sai su tuna da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837. Da hannunsa ya rubuta littattafai a kan magunguna, har da na ciwon ido da na basur. Sa'ad da Baturen nan Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Ingila har da likita. Wane ne a cikinmu zai ce ya fi shi dogara ga Allah? Malamai kuma sun karantar da mu labarin mutumin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarta ya ɗaure raƙuminsa tukuna, sa'an nan ya yi tawakkali. Igiyar mai jinya ita ce kai mara lafiya asibiti da wuri, da tsayawa har a gama magani.

Tsayawan nan shi ne mai wuya. Daga Illela zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato mil 50 ne da 'yan kai, ba kuwa sau ɗaya ake zuwa ba. Maganin da ake sawa ta jijiya galibi bayan mako uku uku ake maimaita shi, gashi da na'ura kuwa kwana biyar ne a mako har makonni da dama. Bayan zuwa na biyu mara lafiya yakan yi ta amai, sumarsa ta zube, sai masu dubiya su ce maganin ne zai kashe shi, a ɗauke shi. Alhali dalilin shi ne maganin yana bugun duk ƙwayar da ke saurin haihuwa, ta cuta da ta suma baki ɗaya, suma kuwa tana sake tsirowa. Kai da ka yi yaƙi da jahilci, a nan karatunka zai yi rana. Sami ɗan littafi ka rubuta ranar komawa, da sunan kowane magani, da abin da likita ya faɗa. Hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka: wani ya kai rago kasuwar Illela ran Lahadi, wani ya kwana asibiti, sauran su yi wa gonar mara lafiya gayya.

Amma kada mu raina masu cewa a koma gida. Sun ga wanda ya sayar da shanu da gona, mara lafiya ya rasu, marayu suka tashi ba su da komai. Maganin wannan tsoro shi ne a tambayi likita a fili: warkewa ake nema, ko sauƙi? In ya ce ciwon ya bazu, komawa gida ba laifi ba ne, sai dai a koma da maganin kashe zafi, a ci gaba da juya shi, da wanke shi, da zama kusa da shi. Magani yana iya ƙarewa, jinya ba ta ƙarewa sai da rai.

Saura maganar gaskiya. Yawancinmu mukan ɓoye wa mutum ciwonsa don tausayi, muna ce masa gobe zai tashi. Babban mutum kuwa yana da bashin da zai biya, da wasiyyar da zai bari, da waɗanda zai nemi gafararsu. In ya tambaya, a gaya masa da taushin harshe gwargwadon abin da zai iya ɗauka. Kada kuma wani ya ce masa alhaki ne ya kama shi, domin Annabi Ayuba ya daɗe yana ciwo, shi kuwa zaɓaɓɓe ne. Sa rai na gari shi ne mutum ya kyautata wa Ubangijinsa zato, ko an warke ko ba a warke ba.

Saboda haka mai tawakkali shi ne wanda ya biya kuɗin mota, ya riƙe ranar komawa, ya faɗi gaskiya, ya yi addu'a, sa'an nan ya bar hukunci ga Mai hukunci. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, amin.