Shin Kyanwa Tana Son Mu, Ko Kwaɗayi ne Kawai?

A garuruwanmu na nan yammacin Zamfara, daga Sunke da Anka har Gummi da Bukkuyum, da wuya ki shiga unguwa ba ki ga kyanwa ba, wadda wasunmu ke kira mussa. Muna barin ta ne saboda ɓera, don ta tsare mana gero da dawa da kayan ɗaki. Amma in an tashi maganarta, sai ki ji an ce ai kyanwa ba ta san mai ita ba, kwano kawai ta sani. To, wannan magana nake so mu duba tare, domin wanda kika ɗauka butulu ne, ba za ki ji nauyin wulaƙanta shi ba.

Bari mu fara da yadda take magana, don kuwa tana yi, sai dai da jiki. Idan ta doso ki wutsiyarta a tsaye cak, ƙarshenta ya ɗan lanƙwashe, sallama ce take yi miki, kuma ba kowa take yi wa haka ba. Idan ta zo tana goga kumatunta da kanta a ƙafarki, Allah Ya halicce ta da wani ƙanshi a wuraren nan wanda hancinmu ba ya ji. Tana shafa miki shi ne don ta sa ki cikin nata. Idan ta hau cinyarki ko zanenki tana tattakawa da ƙafafun gaba kamar mai tausa, abin da take yi wa uwarta ke nan lokacin shan nono, ta samu irin wannan natsuwar a wurinki. Idan kuma ta kalle ki ta lumshe ido a hankali, ta buɗe, to ta aminta da ke. A shekarar 2020 masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun gwada haka, suka ga in mutum ya lumshe wa kyanwa ido, ta fi mayar masa, kuma ta fi kusantar hannunsa ko da baƙo ne. Gwada a gida ki gani.

Tana da hanyar cewa "a'a" ma. Kunnuwa a kwance baya, wutsiya na dukan ƙasa, gashin jiki ya mimmiƙe, tana huci: ta ce a ƙyale ta. Yawancin yakushin da yaranmu ke sha, an gargaɗe su tun farko, ba su iya karatun ba ne. Haka in ta kwanta ta nuna ciki, nuna yarda ne, amma da yawansu ba sa son a taɓa wurin. Ƙugin nan mai taushi da take yi a maƙoshi, galibi na jin daɗi ne, amma takan yi shi kuma in tana ciwo ko naƙuda. Don haka sai kin haɗa da kallon sauran jikinta, da cin abincinta.

Yanzu ga tambayar kwaɗayi. A 2019, a wata jami'a ta jihar Oregon a Amurka, an sa kyanwoyi a ɗakin da ba su sani ba tare da masu su na minti 2, aka fitar da masu su na minti 2, sannan aka dawo da su. Kusan biyu cikin uku na kyanwoyin, da ganin mai su sai hankalinsu ya kwanta, su zo su gaishe shi, su ci gaba da zagaya ɗakin. Ba abinci aka kawo musu ba, 'yar'uwa, mutumin ne ya dawo. A shekarar dai, masu bincike a Japan suka nuna kyanwa na bambance sunanta da sauran kalmomi. Ke nan in kin kira ta ba ta zo ba, mai yiwuwa ta ji, jan aji ne kawai.

Wata za ta ce, duk da haka ai wanda ke ba ta abinci take bi. Gaskiya ne. Amma ki dubi jaririn da ke goye a bayanki. Ta hanyar nono ya fara sanin ki, kuma babu mai hankalin da zai ce masa makwaɗaici. A duniyar nan so da buƙata tare suke tafiya, tsakanin uwa da ɗa, tsakanin miji da mata. In muka ce duk son da buƙata ta shiga cikinsa ƙarya ne, to namu ma ya faɗi. Allah ne kaɗai ba Ya buƙatar kowa.

Magabata ba su ƙyamaci wannan dabba ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Kabsha 'yar Ka'ab, wadda ta zuba wa surukinta Abu Ƙatada ruwan alwala, sai kyanwa ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha. Da ya ga Kabsha na mamaki, sai ya sanar da ita cewa Annabi (SAW) ya kore wa kyanwa najasa, ya lissafa ta cikin masu kai da kawo a gidajenmu. Ki lura da Abu Ƙatada: kyanwar ba ta roƙe shi da baki ba, ya gane ƙishinta ne, ya amsa. Kin kuma san yadda aka yi Abu Huraira ya samu laƙabinsa, saboda 'yar kyanwar da yake ɗauka. Sannan ga hadisin nan na Bukhari da Muslim, na matar da aka yi wa azaba saboda ta tsare kyanwa har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi nata ba. Mace ce kamarmu, kuma a cikin gidanta abin ya faru.

To mu duba namu gidajen. Sau nawa ake kulle ɗaki a tafi biki kwana uku da kyanwa a ciki? Sau nawa ake watsa mata ruwan zafi don ta buɗe kwanon kifi, alhali tun safe ba wanda ya jefa mata loma? Ga masu ɗure 'ya'yanta a buhu a zubar bayan gari tun ba su buɗe ido ba. Ga masu jifan baƙar kyanwa wai mayya ce ko aljana, ba tare da wata hujja ba. Dabbar da ta lumshe miki ido ta ba ki amana, kuma tunda kin gane, haƙƙi ya hau kanki. Ba dole ba ne ki riƙe kyanwa. In ba ki so, ki rufe abincinki, ki kore ta ba da cuta ba, ko ki ba mai so. In kuwa kin riƙe, ci da sha da mafaka suna wuyanki.

Tausayi kuma ba ya hana tsafta. Mai ciki ta guji kwashe kashin kyanwa da hannu, don akwai ƙwayar cutar da kan illata ɗan ciki. In ta kawo miki ɓera har bakin ƙofa, kada ki duke ta, kada kuma ki taɓa shi da hannu saboda zazzaɓin Lassa. In ta ciji yaro ko ta yakushe shi, a wanke da ruwa da sabulu sosai, a nufi asibiti.

Abu na ƙarshe, 'yar'uwa. Yaronki na kallon abin da kike yi wa kyanwa, daga nan yake koyon yadda ake yi wa wanda ba ya iya kai ƙara. Uwar da ta nuna wa ɗanta kunnen kyanwa ta ce masa "bar ta, ka ga ta gaji", ta koya masa kallon fuskar ƙanwarsa da ta kakarsa. Kuma a gidajenmu akwai masu irin wannan shirun: 'yar riƙon da ta daina dariya, amaryar da kunya ta hana faɗin ciwonta. Idon da ya saba lura da ƙaramar halitta ba zai wuce waɗannan ba.

Allah Ya sa mu cikin masu tausayi, Ya tausaya mana ranar da babu mai yi sai Shi. Amin.