Abin Da Mai Kanti Ya Gani Amana Ne

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, malaman fiƙihu sun yi dogon bayani game da haƙƙin mai saye a kan mai sayarwa, watau a cika masa mudu, kada a tauye masa sikeli, kada a yi masa algus, kuma kada a ɓoye masa aibin kaya. To, amma akwai wani haƙƙi guda da ba a cika ambatonsa a wurin wa'azi ba, alhali kuwa ɓarnar da tauye shi ke jawowa ta kan fi ta tauye mudu. Wannan haƙƙi shi ne a rufa wa mutum asirin abin da ya saya.

A babban birni, mutum ya kan shiga kanti ya sayi bukatarsa ya fita, ba wanda ya san shi. A garuruwa irin su Tambuwal, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya yi zaman ribaɗi, ko Kebbe da ke iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara, abin ya sha bamban. A Dogon Daji ko Sanyinna ko Kuchi, mai kemis ya san mai saye, ya san ubansa, ya san gidan da ya yi aure, watakila ma sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Kuma da ya ke ƙauyuka da yawa suna nesa da babban asibiti, kantin magani shi ne wurin farko da mara lafiya ke kai kukansa. Saboda haka mai kanti ya kan san abin da ko liman da hakimi ba su sani ba.

A dubi dattijon da ke jira sai mutane sun watse kafin ya nemi maganin basir ko na raunin mazakuta. A dubi matar aure da ke cikin kulle, wadda ta aiko yarinya da 'yar takarda a dunƙule don a sayo mata audugar mata ko abin gwajin ciki. A dubi magidancin da jama'a ke yi wa kallon mai wadata, ya zo da dare ya karɓi tiya biyu ta gero bashi. Kowane ɗayansu larura ce ta sa ya buɗe abin da ya ke rufewa.

Tambayar ita ce, wannan labari da ya shiga kunnen mai kanti, na wane ne? Wani zai ce ai idonsa ne ya gani, kuma ba a sa shi ya yi rantsuwa ba. Wannan kuskure ne. Ciniki musayar kuɗi da kaya ne kurum: kuɗi ya zama na mai sayarwa, kaya ya zama na mai saye, labarin kuwa bai shiga cikin ciniki ba, yana nan mallakar mai shi. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisi mai nuna cewa idan mutum ya yi magana sa'an nan ya waiwaya, to maganar ta zama amana. Wanda ya rage murya a gaban kanta, ya dubi dama da hagu, ya riga ya ɗaura wa mai kanti amana ko da bai furta ba. Allah kuwa Ya yi umurni da a mayar da amana ga masu ita a Suratun Nisa'i, aya ta 58, kuma cin amana yana cikin alamomi uku na munafuki da Buhari da Muslim suka ruwaito.

Cin wannan amana ya kan zo ta hanyoyi da mai yinsu ba ya ɗaukarsu zunubi. Akwai ɗaga murya, inda yaron kanti zai karanta takardar aike da ƙarfi, ko ya ƙwala wa maigidansa kira yana tambayar kuɗin magani kaza alhali kanti cike da mutane. Akwai yawan tambaya, irin su wa ya aiko ki, wace ce ba ta da lafiya a gidanku. Tambayar da za ta taimaka a ba da maganin da ya dace, kamar shekarun mara lafiya ko tana da juna biyu, wajibi ce. Wadda ta wuce nan kuwa bin diddigi ne, wanda aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana tare da mugun zato da giba. Akwai kuma hirar majalisa bayan sallar lisha, inda ake fara magana da wasa a ƙare da zubar da mutuncin gida guda.

Mafi muni shi ne zato. Budurwar da ta sayi abin gwajin ciki, mai yiwuwa matar wanta ce ta aike ta. Idan mai kanti ya saki baki, magana zarar bunu ce, ta kan kai gidan masu neman aurenta kafin gari ya waye. Wanda ya jefi mace kamila da alfasha ba tare da shaidu huɗu ba, Suratun Nuri, aya ta 4, ta yanke masa bulala 80, kuma ba a sake karɓar shaidarsa. Rasit ɗin kanti ba shaida ba ne.

Ya kamata masu kantuna su koya wa yaransu labarin Anas ɗan Malik. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aike shi wata bukata yana yaro, har ya makara wajen komawa gida. Mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta tambaye shi abin da aka aike shi, ya ce sirri ne. Ba ta matsa masa ba, sai ma ta gargaɗe shi kada ya gaya wa kowa. Yaro ke nan da ya riƙe sirri har ga uwarsa, da uwar da ta ƙarfafa shi a kan haka.

Sai dai akwai wurare biyu masu wuya. Na farko, idan miji ya zo ya ce a gaya masa abin da matarsa ta aiko aka saya, ko uba ya tambayi na ɗansa baligi. Ba shakka miji yana da haƙƙi a kan iyalinsa, amma haƙƙin nan tsakaninsa da ita ne, bai mayar da mai kanti ɗan rahoto ba. Ƙarya ba ta halatta gare shi, kuma ba ya bukatarta. Ya isa ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba a faɗin cinikin wani a wannan kanti, yadda ba za a faɗi naka ba." Mai hankali zai fita yana ƙara amincewa da wurin.

Na biyu, idan shirun zai cutar da wasu. Rufin asiri an shar'anta shi ne don kare mutunci, ba a shar'anta shi don ya zama mafakar ɓarna ba. Imam Nawawi a cikin Riyadus Salihina ya kawo wurare shida da ambaton aibin mutum ke halatta, cikinsu har da neman taimakon mai iko don kawar da abin ƙi, da gargaɗin Musulmi game da sharri. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda matasa ke sha don maye. A 2021 kuma gwamnatocin Zamfara da Katsina da Sakkwato sun hana sayar da man fetur a jarka a yankunan da 'yan bindiga suka addaba. Wanda ya zo neman irin wannan kaya da alamar mugun nufi, sai a hana shi, a yi masa nasiha, in abin ya kai ga tsoron rai a sanar da hukuma. Ma'aunin shi ne: a faɗa wa wanda zai iya gyara, gwargwadon abin da gyaran ke bukata. Majalisar shayi ba ta gyara kome.

A zamanin nan ma sakin baki ya wuce zubar da mutunci. Mai POS da ya faɗi nawa wane ya cira, ko dillalin da ya bayyana kuɗin shanun da wane ya sayar ranar kasuwa, bai san kunnen da maganar za ta faɗa ba, ga masu kai wa ɓarayin daji rahoto sun yawaita. Kalma guda tana iya zama sanadin sace mutum daga gidansa.

Dokar ƙasa ma ta zo daidai da wannan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye bayanin mara lafiya, kuma dokar da aka yi a shekarar don hana tsangwamar masu cutar ƙanjamau ta hana bayyana halin mutum ba da izninsa ba. Amma Musulmi bai kamata ya jira doka ta tilasta masa abin da addininsa ya riga ya koya masa ba.

Aikin ba shi da tsada. A rage murya, a naɗe kaya a takarda ko baƙar leda kafin a miƙa, a ja mai jin nauyi gefe guda, a rufe littafin bashi kada ya kwana a buɗe bisa tebur, kuma kada a bi mutum bashi a gaban surukansa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya rufa wa Musulmi asiri, Allah zai rufa masa nasa duniya da lahira. Mai kanti ya tuna shi ma wata rana zai tsaya a gaban kantar wani yana rage murya.

Allah Ya rufa asirin Musulmi duniya da lahira, Ya sa albarka a cikin kasuwancinsu. Amin.