Tsohuwar Lotsawa a Sabon Lissafi



Makonni biyu da suka wuce an kawo wa kwamitin masallaci wata magana bayan sallar La'asar. Mun nemi izinin masu ita mu kawo ta nan ba tare da ambaton suna ba, domin abin zai iya faɗa wa kowannenmu.

Wani ɗan uwa mai sayar da hatsi ya taso daga Kasuwar Kure zai dawo gida Tudun Wada. A cunkoson shataletalen Mobil ya taka burki, sai yaron wani Alhaji da ke binsa a baya ya buga masa. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo. Bamba ta tsage, fitilar baya ɗaya ta fashe, murfin but ya ɗan lotsa. Alhaji bai yi gardama ba, ya ce laifin yaronsa ne, kuma inshorarsa ta gaske ce, don haka kamfani zai biya. Aka ɗauki hotuna, aka kai rahoto wajen 'yan sanda, aka ce mai hatsi ya kawo takardar kiyasin kuɗin gyara.

Da ya je gareji a Keteren Gwari, fanel bita ya duba ya ce aikin naira 90,000 ne. Sai ya zagaya ya ga ƙofar baya, wadda wata Keke Napep ta goga tun bara. Ya ce, "Maigida, ai tunda kamfani ne zai biya, mu haɗa da wannan mana, mu rubuta 150,000. Wa zai sani?" Mai hatsi ya ce a ba shi kwana ɗaya. Tambayar da ya kawo mana ke nan: in ya yarda, ya ci haram ko bai ci ba? Alhaji dai ko sisi ba zai fita daga aljihunsa ba.

Mu ba malamai ba ne. Mun zauna da Liman, kuma abin da ke ƙasa shi ne fahimtarmu bayan zaman.

Da farko mu san mece ce takardar nan. Dokar Najeriya ta wajabta wa duk mai abin hawa inshorar da ke biyan ɓarnar da ya yi wa wani. Ba ta gyara motar mai ita, ta wanda ya buga take gyarawa. Daga 1 ga Janairu 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta na motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, kuma abin da kamfani zai iya biya na ɓarnar dukiya ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Daga 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka ƙara tsananta bincikenta a kan hanya. Ashe kamfanin ya tsaya ne a madadin Alhaji, ya ɗauki bashin da ya hau kansa. To, nawa Alhaji ya ɓata? Bamba, fitila da but. Ƙofar bara ba shi ya lotsa ta ba. Malaman fiƙihu sun ce wanda ya lalata dukiyar wani zai biya, ko da gangan ne ko da kuskure, amma gwargwadon abin da ya lalata. In da Alhaji ne zai zaro kuɗin da hannunsa, mai hatsi ba zai iya kallon idonsa ya ɗora masa ƙofar ba. Canjin mai biya bai canja girman bashin ba.

Mun san abin da wasu za su ce, don an faɗa a zaman. Wani ya ce shekara da shekaru muna biyan kamfanonin nan ba mu taɓa karɓar komai ba, yau in an samu dama ai ramuwa ce. Amma wanda ya biya bai karɓa ba, ai bai bugi kowa ba ne, kuma wannan abin godiya ne. Kuɗin da ya zuba su ake haɗawa a biya wa wanda tsautsayi ya faɗa wa. In kowa ya riƙa ƙara 60,000 a kan lissafinsa, daga ina za su fito? Daga kuɗin direban tasi da na malamar makaranta da suka biya irin tamu. In asusu ya rame, ko a ƙara farashi ko a riƙa wahalar da mai gaskiya kafin a biya shi.

Wani kuma ya ce ai kamfani sai ya rage abin da aka rubuta, gara a ƙara tun farko kamar ciniki. Wannan ta fi ƙarfi, mu 'yan kasuwa mun san taya da sallamawa. Sai dai a ciniki duk mutum biyun sun san cewa kuɗin farko ba shi ne na ƙarshe ba. Takardar kiyasi kuwa shaida ce, kana sa hannu cewa wannan ɓarna daga wannan karo ta fito. In kamfani ya rage maka haƙƙinka, ka tsaya da hotunanka da rasit ɗinka, in ta kama ka kai ƙorafi NAICOM. Tsoron a zalunce ka gobe ba ya halatta maka shaidar zur yau.

Na uku ya ce ai inshorar ma malamai sun yi magana a kanta. Gaskiya ne. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ba ta amince da inshorar kasuwanci ba, ta nuna hanyar taimakekeniya. Ita ce Takaful, wadda aka fara a Sudan a 1979, kuma yanzu akwai kamfanoninta masu lasisi a Najeriya irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da waccan ba, ga wannan. Amma shakka a kan yarjejeniya dalili ne na nesa da ita, ko tsayawa iyakar abin da doka ta tilasta. Ba ta zama lasisin yin ƙarya a cikinta ba. A Takaful kuwa abin ya fi fitowa fili, tunda asusun na mahalarta ne, wanda ya ƙara lissafi 'yan uwansa ya cuta kai tsaye.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu musamman. Iyayenmu daga Kano, Katsina, Sakkwato da Zariya suka zo garin nan, suka zauna da Gwarawa da Nupawa, ba su zo da komai ba sai amana. Da ita ake ba mu kaya bashi, da ita ake ba mu haya. Fanel bitan da ka haɗa baki da shi yau, gobe shi zai gaya wa na kusa da shi irin mutanen da ke sahun gaba a masallacinmu. Yaron da ke tsaye yana jin cinikin kuma ya koyi darasi.

Masu laifi ma muna da magana da su. "Ƙaddara ce" gaskiya ne, amma ba ta biyan fitila. Kada a taru a kan mai ƙaramin ƙarfi ana "ka yafe mana" har kunya ta sa ya yafe abin da zai ci bashi ya gyara. Yafiya kyauta ce, mai haƙƙi ke bayar da ita da daɗin rai. Sannan kowa ya duba takardarsa. Da yawa ana haɗa mana ita ne a wajen 'yan kamasho lokacin sabunta takardun mota, sai ranar karo a tarar ta bogi ce. Ana iya dubawa a intanet, a rumbun bayanan NIID, da lambar mota. A sa yara su duba mana tun kafin ranar buƙata.

Mai hatsi ya koma gareji ya ce a rubuta 90,000. Har zuwa jiya kuɗin ba su fito ba, yana jira, ƙofar kuma tana nan a lotse, ya ce sai bayan kaka. Mun tambaye shi ko ya yi nadama, ya ce 60,000 ba ta kai ya tsaya amsa tambaya a kanta gobe ƙiyama ba.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya tsarkake mana abin da muke ciyar da iyalanmu. Juma'a mai albarka.

Sakataren Masallaci, a madadin kwamiti