"Ba Komai": Haƙuri Ne Ko Mantuwa?

Ƴan uwa, mutanen Tahiti suna da wata magana da suke yawan faɗi: 'aita pe'ape'a. Ma'anarta dai "ba komai". Duk wanda ya ga bikinsu na Heiva, wanda ake yi kowane watan Yuli a Papeete, sai ya rantse maganar ce ta zama biki: fure a kunne, ganguna, rawa, tseren kwale-kwale, ɗaga dutse, jifan kwakwa da mashi. Gasa ce, amma har wanda aka kayar dariya yake.

To ga tambayata: mutanen da aka zalunta, ya dace su yi biki hankali kwance haka?

Don an zalunce su ɗin. A 1819, bayan da sarki Pomare na biyu ya karɓi addinin ƴan mishan, doka ta hana rawar gargajiya. A 1880 Faransa ta haɗiye tsibirin. A 1881 aka soma bikin 14 ga Yuli, a nan rawa ta samu ƴar kafa. Sunan bikin ma, Tiurai, aro ne daga sunan watan Yuli a Ingilishi. Sai 1985 aka maida shi Heiva. Daga 1966 zuwa 1996 kuma, Faransa ta gwada bam ɗin nukiliya sau 193 a Moruroa da Fangataufa. Mu da aka soma haƙar uraniyom a Arlit tun 1971, wannan labari bai yi muna nisa ba.

Wani abokina cewa ya yi wannan natsuwa maganin barci ce: a ba talaka ganga, shi manta da bashin da yake bi. Maganarshi da ƙamshin gaskiya, don mai mulki yana son ganin talakawa suna murmushi, baƙi masu yawon buɗe ido ma shi suke biyan kuɗi su gani.

Amma ni na ga "ba komai" iri biyu ce, a Hausa ma haka. Akwai ta wanda aka taka ya rasa yadda za shi yi, ya haɗiye. Akwai ta wanda ya san abin da ke hannunshi. Masu rawar Heiva wata da watanni suke yi suna koyo, da waƙoƙi cikin harshen Tahiti, harshen da aka taɓa hukunta yara in sun yi shi a lakkwal. Madeleine Moua, malamar makaranta, ita ta kafa ƙungiyar rawa a 1956, lokacin da ake yi wa rawar kallon abin kunya. Wanda ya sha wannan wuya ya ƙwato abinshi, in ya taka rawa a natse, ai bai manta ba. Kuma maganar diyya ga waɗanda gwajin ya cutar har yau ba su bar ta ba.

Fushi yana da ranarshi, amma ba a renon yaro da fushi kaɗai. Yaron da bai taɓa jin daɗi cikin harshen uwarshi ba, me za shi kare in ya girma?

Saboda haka in bakinka ya ce "ba komai", tsaya ka tambayi zuciyarka: wacce daga cikin biyun ka faɗa?